Shekara 70 ana auna mutanen Rongelap

Ranar 1 ga Maris ta kowace shekara ba a zuwa aiki a Jamhuriyar Tsibiran Marshall. Rana ce ta tunawa da waɗanda gwajin makaman nukiliya ya illata. Ƙasar 'yar mitsitsiya ce, tsibirai ne warwatse a tsakiyar tekun Fasifik, mutanenta duka ba su kai dubu 50 ba, amma a kanta Amurka ta tayar da bama-baman nukiliya 67 tsakanin 1946 da 1958, a Bikini da Enewetak. An sha rubutu a kan bama-baman. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne likitocin da suka biyo baya, da irin duban da suka yi wa mutane.

A safiyar 1 ga Maris 1954 aka tayar da bam ɗin da ake kira Bravo a Bikini. Masu lissafi sun sa ran ƙarfinsa zai tsaya wajen megaton 6, sai ya ba da 15, wato kusan ninki dubu na wanda aka jefa wa Hiroshima. Wani nau'in sinadarin litiyom da suka ɗauka ba zai kama ba shi ne ya kama. Iska kuma ta karkata gabas, inda mutane suke. Bayan 'yan sa'o'i wata farar toka ta fara sauka a tsibirin Rongelap, mai nisan kimanin kilomita 150. Murjanin Bikini ne da wuta ta niƙe ta cilla sama, ya dawo ɗauke da guba. Ta sauka a kan rufin ɗakuna, ta shiga tankunan da suke tara ruwan sama, ta manne a gashin mata da suka shafe da man kwakwa. Yara suka yi ta wasa a cikinta, don babu wanda ya ce musu kada su taɓa. Kafin gari ya waye amai da gudawa da ƙaiƙayi sun kama mutane, bayan kwanaki fata ta fara saɓulewa, gashi na zuba.

Mutum 64 ne a Rongelap ranar, wasu 18 kuma suna can Ailinginae kusa da su. Sojojin Amurka 28 masu lura da yanayi a Rongerik su aka fara kwashewa. Mutanen Rongelap sai da suka kwana biyu a cikin tokar, na Utrik, wani tsibirin da tokar ta kai, su 157 suka kwana uku. Abin da ke ƙara ba mutum haushi, a 1946 da za a gwada bama-baman da ba su kama ƙafar Bravo ba, an kwashe mutanen Rongelap tun kafin gwajin don gudun tsautsayi. A 1954 ba a yi hakan ba.

A sansanin soja na Kwajalein aka sauke su, kuma cikin kwanaki kaɗan aka buɗe wani shiri na sirri mai lamba 4.1, ƙarƙashin Dokta Eugene Cronkite. Sunan shirin kansa bai ɓoye komai ba: nazarin yadda jikin ɗan Adam ke amsa tururin nukiliya mai yawa daga tokar manyan makamai. Aka ba kowa lamba, aka ɗauki hotunan ƙunarsu, aka yi ta ɗibar jini da fitsari. An wanke su, an kula da gyambunansu, wannan gaskiya ne. Sai dai babu wanda ya zaunar da su ya ce musu, cikin harshensu, ban da jinya ana kuma karatu a kanku, kun yarda?

Mutanen Marshall da yawa sun yi imani da gangan aka bar su a hanyar tokar don a sami abin nazari. Kwamitin da Shugaba Clinton ya kafa kan gwaje-gwajen tururin nukiliya a jikin mutane, wanda ya ba da rahoto a 1995, ya ce bai ga hujjar hakan ba. Ban zo in yi musu da kwamitin ba, kuma hujjata ba ta dogara da wannan zargin ba. Abin da jami'an suka faɗa da bakinsu, aka rubuta, ya isa. A wani taron Hukumar Makamashin Nukiliya ta Amurka a watan Janairun 1956, wani babban jami'inta, Merril Eisenbud, ya yi magana a kan amfanin auna mutanen Utrik da aka riga aka mayar gida suna zaune a gurɓataccen wuri. Ya ce ko da yake ba sa rayuwa irin ta wayayyun mutane, ai sun fi ɓeraye kama da mu. Rahoton likitocin cibiyar bincike ta Brookhaven, waɗanda suka karɓi aikin ƙarƙashin Dokta Robert Conard, shi ma ya rubuta cewa zaman mutanen Rongelap a tsibirinsu zai samar da bayanai masu matuƙar daraja a kan tururin nukiliya a jikin ɗan Adam. A 1957 aka mayar da su Rongelap, aka ce musu babu komai.

Akwai komai. Ƙasar waɗannan tsibirai ta murjani ce, ba ta da wadatar fotasiyom, shi ya sa bishiyar kwakwa da sauran tsirrai ke zuƙar siziyom-137 a madadinsa, saboda sinadaran biyu suna kama da juna. Siziyom-137 kuwa sai ya shekara 30 kafin rabinsa ya gushe. Mutum ya sha ruwan kwakwa, ya ci abin da ya shuka, gubar ta zauna a tsokarsa. Kaguwar nan babba mai cin kwakwa, wadda suke ji da ita, tana tara sinadarin sitirontiyom-90, har sai da aka hana su cinta. Tare da waɗanda toka ta zuba wa, 'yan uwansu da ba sa gida ranar Bravo su ma suka koma. Su ne likitoci suka mai da ma'aunin kwatance, wato lafiyayyun da za a gwada marasa lafiya da su. To amma tukunya ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha. Awon da aka yi ta yi ya nuna siziyom yana hawa a jikin kowa. Ko ɗalibin da ya fara koyon bincike ya san idan ma'aunin kwatancenka ya gurɓata, bambancin da za ka gani zai ragu, illar ta yi kamar ba ta kai yadda take ba.

Dole in ba likitocin nan haƙƙinsu, don ba na son a ce na yi son kai. Su ne suka gano ƙulli a maƙogwaron wata yarinya a 1963, daga nan abin ya yi ta fitowa. Aidin-131 da ke cikin tokar ba ya daɗewa, kwana 8 rabinsa ya tafi, amma kafin ya tafi yana taruwa a halittar tayirod da ke wuya, kuma ta ƙaramin yaro 'yar ƙarama ce, don haka ta fi ƙonewa. Mafi yawan yaran Rongelap da ba su kai shekara 10 ba lokacin Bravo sun sami matsalar tayirod. Wasu yara maza biyu girmansu ya tsaya cak. Likitocin sun fara ba su ƙwayar maganin tayirod a 1965, sun kai da dama Amurka an yi musu tiyata. Da ba a dubawa, da wasu sun mutu da kansar da ake iya cirewa. Duk wanda ya ce bibiyar ba ta amfana komai ba bai faɗi gaskiya ba.

Amma dubi yadda ake yin ta. Jirgin ruwa ya iso sau ɗaya a shekara, galibi a watan Maris. A jera mutane, a kira lamba, a shafa wuya, a ɗebi jini, a shigar da mutum cikin na'urar auna gubar jiki, jirgi ya ɗaga. Sakamakon ya fito cikin Turanci a mujallun masana, inda mai jinin ba zai taɓa gani ba. Ciwon da ba a lissafa shi cikin na tururin nukiliya ba, ba shi ne ya kawo su ba. Shekara da shekaru babu likitan shirin da ke zaune a yankin, sai a farkon shekarun 1970 aka ajiye ɗaya. Har akwai lokacin da aka yi wa wasu allurar sinadarin kuromiyom-51 mai tururi don auna yawan jininsu, abin da kwamitin Clinton ya ambata cikin gwaje-gwajen da ba don amfanin majinyacin aka yi ba.

Maganar mata ta fi kowace ciwo. Rahotannin farko sun nuna ɓari da haihuwar gawa sun ƙaru a tsakanin matan da toka ta zuba wa a shekaru huɗun farko, sai aka ce adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci. A lissafi haka ne, mutum 82 ba su isa a gina ƙididdiga mai ƙarfi a kansu ba. Amma ƙarancin adadi dalili ne na a ƙara sa ido, a zauna da ungozomomi, a rubuta kowane ciki da yadda ya ƙare. Ba a yi hakan yadda ya kamata ba. Lijon Eknilang, wadda ke da shekara 8 ranar Bravo, ta tsaya gaban Kotun Duniya da ke Hague a 1995 ta ba da labarin ɓarin da ta yi ta yi, da na matan da suka haifi abin da ba shi da siffar jariri, suka binne a ɓoye don kunya. Yau in ka tambaya a ce maka kimiyya ba ta tabbatar ba. Yaya za ta tabbatar da abin da ba ta tsaya ta rubuta ba lokacin da yake faruwa?

Lekoj Anjain yana da shekara ɗaya lokacin Bravo. Ɗan John Anjain ne, shugaban al'ummar Rongelap. An cire masa ƙulli a maƙogwaro yana saurayi, sannan a 1972 kansar jini ta kashe shi a wani asibitin gwamnati da ke Bethesda a Amurka, yana da shekara 19. A daidai wannan zamanin ne haƙurin mutane ya ƙare. A ƙarshen 1971 ɗan majalisa Ataji Balos ya gayyato likitoci daga Japan su duba mutane, hukumomin Amurka da ke mulkin yankin suka sallame su da hujjar takardun shiga. Mutanen suka rama da ƙin yarda likitocin Brookhaven su duba su. A 1975 Nelson Anjain, ɗan'uwan John, ya rubuta wa Conard wasiƙa yana cewa ba ku taɓa ɗaukarmu mutane ba, dabbobin gwaji kuka mai da mu. Ka tuna fa, tun 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta danƙa wa Amurka tsibiran nan a matsayin amana, da sharaɗin ta kare lafiyar mazaunansu. An ba kura ajiyar nama.

A Bikini ma haka aka yi. Mutum 167 aka tayar a 1946. A 1968 Shugaba Johnson ya sanar cewa wurin ya gyaru, wasu iyalai suka koma, a 1978 aka sake kwashe su saboda na'ura ta nuna siziyom ya yi tsalle a jikinsu. Wani zai ce ga amfanin bibiya nan, ta ceto su. Haka ne. Sai dai jikin mutane ne ya zama na'urar da aka gane kuskuren da ita, alhali kwakwa da ƙasa ya kamata a auna sosai kafin a ce wa mai goyo ta koma gida.

Mutanen Rongelap su da kansu suka yanke wa kansu hukunci. A 1982 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar da wani ɗan littafi da harsuna biyu mai taswirar gurɓatar tsibiran arewa, suka ga lambar da aka sa wa nasu. Suka roƙi a kwashe su, aka ƙi. Sanata Jeton Anjain ya nemi taimakon ƙungiyar Greenpeace mai kare muhalli, a watan Mayun 1985 jirginta Rainbow Warrior ya kwashe mutum kusan 300 da katakon gidajensu zuwa Mejatto, wani tsibirin da babu abin kirki a kansa.  Abin lura shi ne, al'ummar da ta shafe shekara da shekaru tana shan awon likitoci ta gwammace ta bar ƙasar kakanninta da ta ƙara yarda da kalmar masu awon.

A nan matsayina yake. Bibiyar lafiyar mutanen da guba ta taɓa haƙƙinsu ne, kuma wanda ya yi ɓarnar shi zai biya har ƙarshen rayuwarsu. Amma biya daban, riƙe ragama daban. A Marshall hukumar da ke ƙera bam ita ce ta ɗauki likita, ita ke ajiye fayil, ita ke cewa wannan ciwon namu ne wancan ba namu ba, kuma gwamnatinta ce za ta biya diyya in an ce nata ne. Ko likitan waliyyi ne, an sa shi a inda ba za a yarda da shi ba. In ya ce kana lafiya, ka ce yana kare iyayen gidansa. In ya ce a yanka wuyanka, ka ce yana neman abin nazari. Mu nan ba baƙin wannan ba ne. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, kuma yaran da ba su ji ba ba su gani ba su ne suka biya.

Sai batun wa aka ƙirga. Yarjejeniyar da ta ba ƙasar 'yancin kai a 1986 ta amince da wurare huɗu kawai: Bikini, Enewetak, Rongelap da Utrik. Shirin likitoci na musamman na Ma'aikatar Makamashi ya ma fi haka ƙunci, don ya ta'allaƙa ne a kan waɗanda ke Rongelap da Utrik ranar Bravo da waɗanda ake kwatanta su da su, jerin sunayen da kullum raguwa yake. Ailuk fa, mai mutum kusan 400, wadda toka ta sauka a kanta amma ba a kwashe kowa ba? Kuma Bravo ɗaya ne cikin 67. Cibiyar Nazarin Kansa ta Amurka ta fitar da ƙiyasi a 2010 cewa kimanin kansa 170 ne za a iya dangantawa da tokar gwaje-gwajen a tsakanin mutum wajen dubu 25 da suka rayu a tsibiran a wancan zamani. A Rongelap kashi 55 cikin ɗari na kansar da za ta kama waɗanda abin ya shafa, a Utrik kashi 10, a tsibiran tsakiya wajen kashi 2, a na kudu ƙasa da kashi 1. Masu kare Amurka suna son waɗannan alƙaluma, suna cewa kun gani, a kudu abin bai taka kara ya karya ba. Ni kuma abin da na karanta a ciki shi ne babu tsibirin da ya tsira sarai, kuma da yake jama'a sun fi yawa a tsakiya da kudu, kaso mai tsoka na waɗannan 170 yana wajen layin da aka shata.

Kuɗin ma haka. An ware dala miliyan 150 a matsayin sallama ta ƙarshe, da sharaɗin an rufe ƙofar kai ƙara kotunan Amurka. Kotun diyya da aka kafa a Majuro a 1988 ta saurari ƙorafe-ƙorafe, ta yanke diyyar da ta haura dala biliyan 2, yawancinta ta asarar ƙasa da aikin tsabtace ta. Abin da aka iya biya daga ta ƙasar bai kai dala miliyan 4 ba. Masu diyyar ciwo da yawa sun mutu ana ba su kaɗan-kaɗan ba a cika ba. A 2000 gwamnatin Marshall ta kai koke Majalisar Dokokin Amurka cewa sababbin bayanai sun fito, musamman takardun sirri da aka saki a shekarun 1990, gwamnatin Bush ta ce babu dalilin ƙari. Mutanen Bikini da Enewetak suka je kotu, a 2010 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraronsu.

Akwai wata suka da nake ɗauka da muhimmanci, kuma daga likitoci na gari take fitowa. Suna cewa yawan dubawa shi ma yana da illa. A Koriya ta Kudu da aka yawaita hoton maƙogwaro, adadin masu kansar tayirod da ake ganowa ya ninka kusan sau 15 tsakanin 1993 da 2011, amma adadin masu mutuwa da ita bai motsa ba, sai dai dubban mutane da aka yanka aka ɗora su a kan magani har abada. Suna kuma cewa abin da ke kashe mutanen Marshall a yau ciwon sukari ne, da hawan jini, da tarin fuka, don ƙasar tana cikin na gaba-gaba a duniya wajen ciwon sukari. Duk gaskiya ne. Sai dai wanda aka tayar daga tsibirinsa, aka hana shi kwakwarsa da kaguwarsa, aka ciyar da shi shinkafa da fulawa da naman gwangwani na tallafi shekara da shekaru, ko aka cusa shi a cunkoson tsibirin Ebeye da ke kusa da sansanin Kwajalein, ciwon sukarinsa ba daga sama ya faɗo ba. Ban ce bam ne kaɗai sanadi ba, don tsibiran Fasifik da ba a gwada komai a kansu ba su ma suna fama da shi. Na ce dai likitan da zai shafa wuyan tsohuwa ya rubuta, ya bar ta da ƙafar da ke ruɓewa saboda ba ta cikin aikinsa, bai yi jinya ba. Amsar wannan suka ita ce a haɗa bibiyar da asibiti mai duba mutum gaba ɗayansa, a kuma bar masana masu zaman kansu su tsara wa za a duba, sau nawa, da wace na'ura.

Kuma gano ciwo ba tare da hanyar magani ba zalunci ne. Har yanzu wanda kansa ta kama a Marshall, in yana buƙatar a gasa ciwon da na'ura ko babban magani, sai an fitar da shi zuwa Hawai ko Filifin ko Taiwan, in kuɗin tura majinyata bai ƙare ba, in kuma kwamitin tantancewa ya ga zai rayu. Dubbai sun yi ƙaura zuwa Amurka, musamman garin Springdale na jihar Arkansas inda suke aiki a masana'antun kaji. A can ma dokar 1996 ta cire su daga inshorar lafiya ta talakawa, sai a Disambar 2020 aka mayar da su. Shekara 24 ke nan.

A 2023 aka sabunta yarjejeniyar ƙasashen biyu: dala biliyan 2.3 cikin shekara 20, ciki har da asusun dala miliyan 700 da gwamnatin Marshall za ta iya karkatar wa al'ummomin da abin ya shafa. Kuɗi ne masu yawa, kuma kowa ya san tsoron China a tekun Fasifik ya taimaka wajen buɗe lalitar. Amma Amurka tana nan a kan bakanta cewa maganar nukiliya an rufe ta tun 1986, kuma ba ta nemi gafara a hukumance ba. Ƙasar ta kafa hukumarta ta kula da al'amuran nukiliya a 2017, Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince a 2022 ta taimaka mata. Wannan hukumar ce ya kamata ta riƙe cikakkun fayilolin shirin 4.1 da na Brookhaven, da sakamakon kowane jini da aka ɗiba, da takardun da har yau wasu shafukansu ke shafe da baƙin tawada. Waɗanda suka rage daga yaran da suka yi wasa da tokar duk sun haura shekara 70. A miƙa wa kowannensu fayil ɗinsa da sunansa a kai, a fassara masa shi da harshen Marshall, a zaunar da likitan da shi ya zaɓa ya yi masa bayani, kuma Amurka ta biya kuɗin fassarar da na likitan.